Yadda Ake Ɗanɗana Ganyen Shayi Kafin A Zuba Kuɗi A Kansa

Yawancin masu cewa sun gwada ganyen shayi ba ganyen suka gwada ba, sukari da citta suka gwada. Mutum zai sayo sabon ganye, ya zuba a buta babu awo, ya antaya kanumfari da masoro da na'a-na'a, ya bar shi a kan gawayi sai lokacin da ya tuna, ya cika sukari, sannan ya kurɓa ya dubi 'yan majalisa ya ce wannan ya fi na jiya. Ta ina ya sani? Ko busasshen ganyen mangwaro aka yi wa wannan hidimar zai shawu.

Wannan bayani na mai shayin da zai shiga kasuwar Singa a Kano ya ɗauko katan ne, da uwargidan da Alhaji ya kawo wa tsarabar ganye kala-kala daga Saudiyya, da duk wanda shan shayi ya zame masa jiki. Ba zan koya maka tafasa ruwa ba.

Mataki na farko: tara ganye, amma kar ka haɗa gambiza

Kala uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya. In sun wuce haka harshenka zai gaji, na biyar da na shida duk ɗaya za ka ji su. Kuma ka gwada baƙi da baƙi, kore da kore. Duk daga bishiya ɗaya suke fitowa, sarrafawa ce ta raba su: koren ana gasa shi ko a turara shi jim kaɗan bayan tsinka, shi ya sa yake riƙe launinsa, baƙin kuwa ana murza shi a bar iska ta ratsa shi har ya rine. Tambayar wanne ya fi tsakaninsu ba ta da amsa.

A cikin baƙin ma akwai gida biyu. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wanda inji ya niƙa ya yaga ya dunƙule, shi ne za ka ga an rubuta CTC a jikin kwali. Galibin na Kenya irinsa ne, wanda ake gwanjonsa a Mombasa, haka ma yawancin na Asam a Indiya. Yana saurin sakin launi, yana da ƙarfi, yana ɗaukar madara. Sai mai dogon ganye a murɗe, irin wanda Siri Lanka ta yi suna a kansa, har yau ana rubuta masa tsohon sunan ƙasar, Ceylon. Shi a hankali yake saki, amma ya fi ƙamshi. Kar ka manta da namu na gida, wanda ake nomawa a Kakara a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Ka sa shi a layi ya kare kansa.

Koren da Buzaye suke dafawa a ƙaramar buta daga ƙasar Sin ake kawo shi. Lambobin da ke jikin kwali ba ado ba ne: 3505 shi ne dunƙulalle, 9371 da 41022 su ne sirara masu ɗan lanƙwasa.

Kar ka sayi kwali don gwaji. Ƙaramin ƙulli ya isa, ko ku haɗa kuɗi a majalisa kowa ya ɗebi kaɗan. Ganyen da aka riga aka cakuɗa da kayan ƙamshi kuwa, ni ba na sa shi a gwaji ko kaɗan. In kana son citta da kirfa, kasuwar Kurmi tana nan, ka sayo ka haɗa da hannunka bayan ka san ganyen.

Mataki na biyu: duba shi a bushe

Zuba kowanne a kan farar takarda, a wurin da hasken rana yake. Ganye mai kyau girmansa kusan ɗaya ne. In ka ga manya da ƙanana da gari da tsinkaye masu ja-ja duk a haɗe, an yi masa gauraye. Garin zai riga saki ya yi ɗaci tun manyan ba su buɗe ba. Dunƙulallen kore kuma, wanda ƙwayoyinsa suka fi ƙanƙanta da matsewa shi ya fi.

Murza kaɗan da yatsu. Ya kamata ya karye ƙaras. In ya lanƙwashe bai karye ba, ya sha rima, abin da ke yawan faruwa da kayan da suka yi damina a sito. Sai ka hura masa numfashi a tafin hannu ka shinshina. Ganyen shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi, kuma a shagunanmu sau da yawa kwalinsa na jingine da sabulu ko omo ko maganin sauro. Wanda ya ɗauki warin sabulu ya tafi ke nan, babu dahuwar da za ta fitar da shi.

In launin ganye ya ba ka shakka, barbaɗa kaɗan a kofin ruwan sanyi. Ganyen gaskiya a hankali yake sakin launi a ruwan sanyi. Wanda ya rina ruwan nan take, da alama an sa masa kala.

Mataki na uku: haɗawa, inda kowa yake faɗuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na ga mutane da yawa sun ɓata gwajinsu suna ganin daidai suke yi. Doka ɗaya ce: komai ya zama iri ɗaya, ganyen kaɗai ne zai bambanta. Kofi iri ɗaya, ruwa ɗaya, awo ɗaya, lokaci ɗaya.

Fara da awo. Cokali maƙaryaci ne. Cokali ɗaya na CTC ko dunƙulallen kore ya fi cokali ɗaya na dogon ganye nauyi nesa ba kusa ba, domin dogon ganye rabinsa iska ce. Ka auna da cokali, CTC zai fito baƙi wuluk, dogon ganye ya fito tsararo, ka yanke masa hukuncin rashin ƙarfi alhali kai ka tauye shi. Nemi ƙaramin sikelin nan mai batir irin na masu sayar da gwal. Ba shi da tsadar da za ta hana ka barci, kuma mai shayin da ke sayen katan zai mayar da kuɗinsa a saye ɗaya. Masu ɗanɗana shayi a kamfanoni suna da ƙa'idar da hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ISO, ta fitar tun 1980, mai lamba 3103: giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6 in baƙin shayi ne. Shayin da zai fito ya fi wanda za ka so ka sha ƙarfi. Da gangan aka yi haka, don kowane aibi ya fito fili.

Sai ruwa. A Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ruwan wata unguwa ba ɗaya yake da na wata ba. Akwai burtsatse da rijiyoyin da ruwansu ke da nauyi, ka gane su da farin dabbaren da suke bari a gindin buta. Irin wannan ruwan yana dusashe launin shayi, ya kashe ƙamshi, ya bar wani yana-yana a saman kofi. Sai a ɗora wa ganye laifi. Ruwan famfo kuma wani lokaci yana zuwa da warin maganin da ake sa masa. Ruwan 'yan garuwa ba ka san daga ina aka ɗebo ba, kuma jarkar tana da nata warin. Don gwaji, sayi ruwan roba ko na leda na kamfani ɗaya wanda ka san ba shi da wani ɗanɗano. Kuma sabo za ka tafasa. Ruwan da ya wuni a kan wuta ana ƙara masa wani, ko wanda ya kwana a fulas, shayinsa lami yake fitowa. Butar da aka saba dafa citta da kanumfari a ciki ma a ajiye ta gefe, ƙamshin ya riga ya kama jikinta.

Zafin ruwa: baƙin shayi yana son ruwa yana tafasa a zuba. Koren ba ya so. Wajen digiri 80 ya ishe shi, in ya wuce haka ɗaci ne zai danne komai. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba. Kashi uku na tafasasshen ruwa, kashi ɗaya na ruwan da bai ga wuta ba bai ga firji ba, ka haɗa, ka zo kusa da abin da ake nema. Minti 3 ya ishi kore a wurina. Na san masu dafa shayin Buzaye za su ce ai su tafasa shi suke yi a kan gawayi har ya yi kauri. Gaskiya ne, za mu zo wurin. Amma yanzu ganye muke tuhuma, ba shayi muke sha ba.

A zuba ganye a kofi, a zuba ruwa a kansa, a rufe da sosa. Ba a ɗora shi a wuta. Kofunan su zama fararen tangaran, a ɗauraye su da ruwan zafi tukuna, musamman da hunturu, domin kofi mai sanyi yana sace zafin ruwa. Kofin roba ba ya cikin lissafi. Na silba kuma ba zai nuna maka launi ba.

Lokaci kuwa da agogon waya ake kama shi, ba da hira ba. Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa: mutum ya zuba wa kofi huɗu ruwa a jere, lokaci ya cika, ya tace na farko, ya tsaya shinshinawa yana yabawa, na huɗu yana can yana jiƙuwa har minti 9. Dole na huɗu ya fi ɗaci. Yadda ka bi su wajen zuba ruwa, haka za ka bi su wajen tacewa, da sauri iri ɗaya. Ka tsiyaye tas, kar ka matse ganyen da cokali, kuma kar ka zubar da shi.

In da hali, wani ya jera maka kofunan ya ɓoye kwalayen. Ido yana ganin rubutun Larabci da ruwan gwal a jikin gwangwani, harshe zai fara yi masa kara.

Mataki na huɗu: ɗanɗano

Babu sukari. Babu madara. Babu lemon tsami. Kuma kar ka zo da bakin da ya gama cin goro ko tsire ko ya sha man goge baki. Ɗakin da aka yi turaren wuta ba wurin gwaji ba ne, kai ma ka haƙura da feshin turare ranar. Mai mura ya bari sai ya warke, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake jin sa.

Dubi launi tukuna. Duhu ba shi ne kyau ba, mutanenmu sun daɗe suna ruɗuwa a nan. Abin nema shi ne haske: baƙin shayi ya zama ja garau mai sheƙi, kore ya zama ruwan ɗorawa mai haske, ba mai duhun ƙasa-ƙasa ba.

Bari ya ɗan huce, shayin da ke ƙona harshe ba a jin komai a cikinsa. Ɗebi da cokali ka zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, yadda in a gaban surukai ne za ka ji kunya. Iskar da ke shiga tare da shi ce take watsa shi ko'ina a baki ta kai ƙamshin hanci. Juya shi, sannan ka tofar ko ka haɗiye kaɗan. Kurkure baki da ruwa kafin na gaba.

Ka raba ɗaci da bauri. Ɗaci a harshe ake jin sa, bauri kuwa shi ne kamewar da ke bushe maka dasashi da ganɗa. Bauri kaɗan mai wucewa da sauri shi ne ran baƙin shayi, shi ke sa ka ji ka wartsake. Wanda ya maƙale a maƙogwaro ya ƙi tafiya aibi ne. Kore mai kyau kamar goro yake in an kora da ruwa: ɗacin ya wuce, wani zaƙi-zaƙi ya biyo baya. In babu abin da ya biyo baya sai ɗacin, ganyen ƙarami ne. Lura da nauyinsa a baki ma, ko ya cika baki ko kuwa ruwa-ruwa ne. Tsami, ƙauri, warin fumfuna, warin buhu, duk wanda ka ji a cikinsu ka cire wannan kofin daga layi. Ɗan ƙamshin hayaƙi a dunƙulallen kore ba laifi ba ne, halinsa ne.

Sake bin su bayan sun huce sosai. Baƙin shayi mai ƙarfi yakan yi gajimare in ya yi sanyi, kamar an ɗiga masa madara. Wannan ba lalacewa ba ce.

Mataki na biyar: ganyen da ka tace

Baje shi a sosa. Na baƙin shayi mai kyau launin jan ƙarfe yake yi, bai ɗaya. Na kore ya buɗe ya zama ganye sosai, ba tarin guntaye da tsinkaye ba. Shinshina shi da ɗuminsa, ya fi ruwan faɗin gaskiya.

Sauran aiki

Biyun da suka tsira, yanzu ka haɗa su yadda ka saba sha da ruwan gidanku. Mai shayi ya zuba madararsa ya gani: in launin ya koma fari fat, ganyen ba zai riƙe teburi ba, komai ƙamshinsa. Mai ƙaramar buta ya ɗauraye ganyen da ruwan zafi, ya yi dahuwa uku cif. Ganye da yawa suna burgewa a ta farko su mutu a ta biyu. Kumfa kuma gwanintar hannu ce da sukari, kar ka ba ganye maki a kanta.

Rubuta sunan kwali da lambarsa da shagon da ka saya, domin in ka koma bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Wanda ka zaɓa ka juye shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da kayan miya. Kore ya fi baƙi saurin tsufa, don haka shi kaɗan-kaɗan ake sayensa ko da an yi maka ragi a katan.