Yadda mai masana'antar fata zai cika sharuɗɗan muhalli na masu saye a Turai

A shekarar 2001 hukumomin Holan suka tare na'urorin wasa na PlayStation miliyan 1.3, saboda an sami sinadarin kadmiyom fiye da ƙima a wayoyinsu. Kamfanin Sony ba shi ya ƙera wayoyin ba, saya ya yi, amma a kansa asarar ta faɗa. Duk mai jima ko ɗinkin jaka da takalmi a Challawa ko Sharaɗa a Kano da ke son kayansa su shiga Italiya ko Sifen, ya kwana da sanin cewa abin da dillalin sinadarai ya kawo masa a durom, shi mai masana'antar za a tambaya.

Da farko, idan mai saye ya turo takardar sharuɗɗansa, raba ta gida biyu: abin da doka ta tilasta, da abin da kamfanin ya ƙara don kansa. Na biyun ana iya zama a daidaita, na farkon babu ciniki. Dokar sinadarai ta Tarayyar Turai, wato REACH, ta fara aiki a 2007. Tun watan Mayun 2015 ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in sinadarin kuromiyom mai haɗari, wato mai lamba shida, ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya. Ta kuma hana wasu nau'o'in rini na azo da ke sakin sinadarai masu jawo ciwon daji sama da miligiram 30 a kilo.

Na biyu, shiga sito da biro da littafi. Kowane durom, kowane buhu, rubuta sunansa, wanda ya ƙera shi da wanda ya sayar maka, ka nemi takardar bayanin abin da ke ciki. Rinin da aka juye a jarka ba suna ba lamba, komai araharsa, bar shi. Sai ka gwada sunayen da jerin sinadarai masu haɗari na ECHA, hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai da ke Helsinki. Jerin yana ƙaruwa, galibi sau biyu a shekara, kuma idan ɗaya daga ciki ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kayan, dole mai saye ya sani.

Na uku shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Babu majemin da ke zuba kuromiyom mai lamba shida da gangan. Mai lamba uku ake jima da shi. Amma zafi, hasken rana, man tausasa fata maras kyau da yawan sinadarin alkali (kishiyar asid) suna juya shi ya koma mai haɗarin. Fata za ta iya barin Kano lafiya ƙalau, ta yi makonni tana gasuwa a kwantena, ta isa can ta faɗi gwaji. Maganin: a cire kitsen fata sosai, a wanke da kyau, a sayi man tausasa fata nagari, sannan a ƙara ɗan sinadarin jima na tsiro a zagayen jima na biyu, domin yana hana wannan juyawar. Abin mamaki, irin wannan sinadarin ne ke cikin bagaruwar da majeman gargajiya ke jima da ita tun kaka da kakanni.

Na huɗu, gwaji. Kai samfur ɗakin gwaji mai shaidar ISO 17025, wato shaidar ingancin ɗakunan gwaji, kuma daga ainihin kayan da za a loda, ba wata fata da aka keɓe don ado ba. Duk lokacin da ka sauya launi ko dillali, sake gwadawa. Don horar da ma'aikata, akwai cibiyar fasahar fata ta NILEST a Zariya.

Kada ka manta da gida. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya tana da ƙa'idojin 2009 kan masaku da masana'antun fata, kuma mai saye da ke neman shaidar kula da muhalli ta ISO 14001 ko binciken Leather Working Group, ƙungiyar da ke tantance masana'antun fata, zai tambayi inda ruwan jimarka ke zuwa. Wasu har kwatar za su leƙa.

Daga ƙarshe sai sa hannu a takardar tabbacin cika sharuɗɗa. Kafin ka sa, buɗe fayil: lambar kaya, sakamakon gwaji, rasitin sinadarai, kwanan wata. Layin da ba ka da takardarsa, rubuta wa mai saye cewa gwaji na tafe, ka bar gurbin babu komai har sakamako ya iso.