Idan an kwashe maka kuɗi a asusu ta waya

Da zarar ka ga alat na cirar kuɗin da ba ka sani ba, kira bankinka a toshe katin. Ko tsakar dare ne, kada ka jira gari ya waye.

Sai ka ɗauki hoton saƙonnin da lambar ɗan damfarar da ya kira ka. Don Allah kada ka goge komai. Wani maƙwabcina a Ƙofar Ƙaura kunya ta sa ya share hirarsa da ɗan damfarar ta WhatsApp, ya tashi ba hujja.

Da safe je banki ka rubuta koke, ka karɓi kwafi. Daga nan sai wurin 'yan sanda ko EFCC, domin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan irin wannan damfara.

Canza lambar sirrinka ranar.