Yadda mai shago zai kafa kyamarar tsaro ba tare da ya taka doka ba

Duk wanda ya zaga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello ya san kyamarar tsaro ta zama ruwan dare a Kaduna, sai dai kaɗan ne cikin masu kafa ta suka san cewa fuskokin da take ɗauka amana ce a wuyansu. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanansa na ƙashin kansa.

Ka fara da inda za ta kalla. Ƙofar shiga, wurin karɓar kuɗi da sito sun wadatar. Kada ta leƙa banɗaki, ko ɗakin da ake auna mata a shagon tela, ko tsakar gidan maƙwabci ta saman katanga. Ka liƙa sanarwa da Hausa da Turanci a bakin ƙofa, ka kuma shaida wa yaran shago. A ganina, gara a kashe ɗaukar murya baki ɗaya.

Ranar da mai haɗa na'urar ya naɗe wayoyinsa ya sauke tsani, ka canza lambar sirri da hannunka, ka kuma tabbatar an cire manhajar kallon kyamarar daga wayarsa, domin idan ba haka ba yana iya kallon shagonka daga ɗakinsa. Ka yanke adadin kwanakin ajiyar bidiyo, ka goge abin da ya wuce su.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an yi sata. Rai a ɓace, sai mai shago ya yanko bidiyon ya tura WhatsApp, kafin la'asar fuskar wani ta karaɗe Tudun Wada da Kawo, alhali wataƙila sayayya kawai ta kai shi. Ka kwafe bidiyon ka miƙa wa 'yan sanda, ka rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa.

Idan aka sace na'urar ajiyar ko aka yi mata kutse, kuma hakan na iya cutar da waɗanda ke ciki, doka ta ba ka awa 72 ka sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Tarar ƙaramin ɗan kasuwa tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa a cikin biyun.