Yadda ake yi wa takarda tudu da kwari don katin biki da na Sallah

A birni akwai ɗan injin hannu mai haƙora da ake murza takarda a ciki ta fito da layi-layi. Mu da ke ƙauyukan Ringim da Gumel ba sai mun nemo shi ba, kwalin taliya ko na sabulu ya wadatar.

Ki yanko falle biyu daga kwalin, kowanne ya ɗara katinki girma. Ki shafa wa fuska ɗaya ruwa da tsumma, ki ɗan dakata, sai ki ɓare fatar sama a hankali. A ƙarƙashinta za ki ga layuka jere kamar kunyoyin gona. Ki bar su su bushe sarai, in ba haka ba lotsewa za su yi.

Takardar buhun siminti ta fi kowace riƙe lanƙwasa, in an kakkaɓe ta an goge. Farar A4 ma tana yi, sai dai saurin yagewa. Kafin ki fara, ki yagi ɗan guntun takardar a tsaye da kuma a kwance. Ɓangaren da ya yage a miƙe, nan zaren takardar ya bi, kuma nan za ki sa layukan su bi. In kika gitta, sai ta yi ta tsagewa a kan tudun. Ki yanke ta da rara, don lanƙwasa na cinye tsawo.

Sai ki ɗan shafa wa takardar ruwa. In launi kike so, ruwan zoɓo ko na shayi mai kauri ya isa. Danshi kawai ake nema, ba jiƙewa sharkaf ba.

Ki shimfiɗa ta a kan falle ɗaya, ki fara daga baki, kina bin kowane kwari da bayan biro, ɗaya bayan ɗaya. Kada ki yi tsallake. Sai ki kifa falle na biyu, tudunsa ya shiga kwarin na ƙasa, ki mirgina kwalba a kai ba da ƙarfi ba.

Ki ɗora littafi, ki ajiye a inuwa. Da hunturu nan da nan take bushewa, da damina sai ta kwana.

Wajen mannawa, jiƙaƙƙen ƙaro ya fi sitaci, don sitaci ya fi shi ruwa, yana kwantar da layukan. Ki ɗiga shi a gefe-gefe kaɗai, ki rubuta gayyatar a wata takarda daban ki liƙa a tsakiya.