Kafin Ka Shigo da Karen Koli Gidan Haya a Ingila

Duk shekara sai an sami sabon zuwa, bai ma gama gane layin bas ba, ya ga hoton ɗan kwikwiyo mai fari da baƙi a Facebook an rubuta ruwa-biyu ne da koli, ya je ya rungumo. Wata shida ba sa cika sai a ji yana cigiyar wanda zai karɓa. 'Yan'uwa, koli (Border Collie a Turance) karen kiwo ne. A tsaunukan kan iyakar Ingila da Sikotland aka tace jinsinsa don ya yini yana tara tumaki, kuma haɗa shi da wani jinsi ba ya cika kashe wannan jinin. Yana kaiwa shekara 12 zuwa 15 a raye. Mai bizar shekara biyu ko uku ya fara yin wannan lissafin tukuna.

Takardunsa ba su da wuya. Tun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare maikurocif, 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa, kafin ya wuce mako 8, a yi rajista da sunanka da adireshinka; sakaci da wannan na iya jawo tarar fam 500. A waje kuma dole ya sa abin wuya mai ɗauke da sunanka da adireshi. Rigakafin farko wajen mako 8, na biyu bayan mako 2 zuwa 4. Tun 2020 an hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, don haka ka saya a hannun mai uwar, ka gan ta da idonka, ko ka karɓo daga gidan ceton dabbobi.

Inda ake faɗuwa shi ne mai gida. Buɗe takardar yarjejeniyar haya ka nemi sakin layin da ya yi maganar dabbobi. Idan an hana, ko an ce sai da izini, to izinin nan a rubuce ake nufi. "Ba damuwa" da dillali ya faɗa maka a waya ba hujja ba ce, ranar da rigima ta tashi zai ce bai tuna ba. Dokar masu haya ta 2025 ta ba wanda ke cikin gida damar neman izini a rubuce, mai gida ya amsa cikin kwana 28, kuma ba zai ƙi ba sai da dalili mai kama hankali. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Dokar ba ta tilasta wa kowa ya ba ka gida tun farko in ya ga kana da kare, kuma ba ta shafi wanda ke hayar ɗaki a gidan da mai shi ke zaune. A gidajen bene masu sassa da yawa, sau tari shi kansa mai gidan naka yana ƙarƙashin wata yarjejeniya da mai ginin gaba ɗaya, in can an hana dabbobi, magana ta ƙare. Ɗan ƙaramin ɗaki da babban kare mai zafin jini ma dalili ne da zai iya kawowa.

A wasiƙar neman izini ka faɗi jinsin karen, shekarunsa, nauyinsa, da wanda zai zauna da shi idan ka tafi aiki. Dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya, ba ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, saboda haka duk ɓarnar da karen ya yi daga nan za a fara zabga, abin da ya yi sama kuma a biyo ka bashi. Ka ɗauki hoton kafet, ƙasan ƙofofi da katakon jikin bango ranar da ya shigo. Masu ɓoye kare a banɗaki ranar duba gida kuwa, gashinsa da haushinsa sun riga sun kai ƙara. Jama'armu an san su da biyan haya kan lokaci da tsabtar gida, shekaru aka yi ana gina wannan sunan, kuma dillalin da mutum ɗaya ya yaudara, na bayansa ne zai sha tambayoyi.

Ɓarnar nan kuwa daga zaman banza take zuwa. Babban koli yana buƙatar kusan awa 2 a waje kullum, ko da ruwa ko da sanyi, a raba safe da yamma. Gudu kaɗai ba ya isa, jifan ƙwallo ba ƙaƙƙautawa ƙara masa wuta yake yi. Kansa za ka gajiyar: minti 10 na horo sau biyu ko uku a rana, ɓoye abinci ya nemo da hanci, koya masa kwanciya a tabarmarsa har ya natsu. Kada a bar shi shi kaɗai fiye da awa 4. Mai aikin awa 12 a gidan kula da tsofaffi, wa zai fitar da shi? In ka ga ya duƙa ya ƙura wa keke, mota ko yaro mai gudu ido, jinin kiwo ne ya motsa, abin da ke biyo baya bi ne da cizon diddige. Kira shi tun yana ƙura idon, ka ba shi lada in ya juyo. Kusa da tumaki kuma igiya ba ta barin hannunka, domin korar dabbobin gona laifi ne, kuma doka na iya kare manomin da ya harbe shi. Kashinsa ka kwashe, wasu ƙananan hukumomi na cin tarar fam 100 nan take.

Babu asibitin gwamnati na dabbobi. Taimakon PDSA, ƙungiyar agaji mai jinyar dabbobi, na masu karɓar tallafin gwamnati ne, kuma yawancin biza sun haramta maka wannan tallafin. Ka yi inshora tun yana lafiya, wadda ke ɗaukar ciwo har ƙarshen rayuwa, don ba sa biyan cutar da ta riga rajista, ga shi farfaɗiya da ciwon ƙugu da na ido suna bin wannan jinsi. Wasu masu jinin koli suna da tawayar ƙwayar gado da ake kira MDR1, wadda ke sa maganin tsutsa irin ivermectin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Likitan dabbobi na gwada ta da ɗan jini ko yawun kumatu, kuma kafin sakamakon ya fito kada ka ba shi maganin da ka sayo da kanka a intanet.