Darasi na 7: Magungunan kashe ciwo masu bugarwa

To jama'a, darasin yau kan magungunan nan ne masu kashe raɗaɗin ciwo mai tsanani su kuma sa mutum barci ko maye. Asalinsu daga ƙaron wani fure ne da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Indiya, daga shi ake samun mofin da kodin, wasu kuma kamar tiramadol da fenta (wato allurar pentazocine) a masana'anta ake haɗa su amma aikinsu a ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne. Farasitamol ba ya cikinsu, kar wani ya je gida ya zubar da nasa.

A asibiti magani ne na gaske, wannan kam ba musu. Wanda aka yi wa tiyata, wanda ya karye, mai ciwon daji, ko mai sikila idan ciwon ƙashin nan ya taso masa, duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san halin da ake shiga, to irin wannan likita ke rubuta wa mofin ko allurar fenta, da awo, da ranar dainawa.

Matsalar tana farawa ne daga inda mutum ya zama likitan kansa. Lebura ko ɗan acaba ya sha tiramol ɗaya da shayin safe wai don kar ya ji gajiya, bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isarsa sai biyu sai uku, ranar da bai samu ba kuwa sai hamma da zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa, ya ce ai zazzaɓi ne, alhali jiki ne ya saba. Tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da ke kisa kuma shi ne numfashi, yana raguwa a hankali mutum yana barci har ya tsaya, musamman in an haɗa da giya ko ƙwayar barci irin su diyazafam.

In kun ga mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa sama-sama, baƙin idonsa ya tsuke ƙwarai, ku kwantar da shi ta gefe ku nemi mota zuwa asibiti. Don Allah kar a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi. Akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin ƙwayar in an kai shi da wuri. Wanda kuma ya riga ya saba, asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ya kamata a kai shi, sarƙa da duka ba sa cire ƙwaya daga jiki.

Ta fannin doka, a Najeriya hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke kamen masu safara da masu sha. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Tiramadol kuwa mai 50mg da 100mg kawai aka amince da su, su ma sai da takardar likita, waɗannan masu 200 da 225 da ake sayarwa a tasha duk haramtattu ne. Shi ya sa ake ce muku kar ku karɓi saƙon da ba ku san abin da ke ciki ba a tasha ko filin jirgi, ko da na ɗan uwa ne, domin wanda aka samu kaya a hannunsa shi ake fara riƙewa.

Aikin gida: kowa ya ɗauko kwalin magani ɗaya a gidansa, ya rubuta sunan maganin a littafinsa, da lambar da ke kafin haruffan mg, da ranar da zai lalace. Malama Hajiya da sauran masu jikoki a gida, ku duba har da inda kuke ajiye shi, mu gani ranar Asabar.