Yadda Ake Haɗa Na'urar Walda ta Kafasita Don Siraran Wayoyi

A haɗa kafasita (na'urar da ke adana cajin lantarki) biyu masu mikrofarad (ma'aunin girman kafasita) 10,000 da ke jure volt 50, ƙafar tarawa (+) da ta tarawa, ta ɗebewa (-) da ta ɗebewa, domin idan aka juya su suna iya fashewa. A yi musu caji zuwa volt 30 ta rezisto (abin da ke rage gudun lantarki) mai om 100. Ƙarfin da za su adana zai kai jul (ma'aunin makamashi) 9.

A murɗe bakin siraran wayoyi biyun da za a yi wa walda, a kama su da filaya da aka jona wa ƙafa ɗaya ta kafasitar da waya mai kauri. Ɗaya ƙafar kuwa a jona ta da sandar gawayi ta cikin tsohon batirin tocila, wadda a ganina ta fi tagulla ba da ɗigo mai tsabta. Da zarar bakin ya taɓa gawayin, tartsatsi zai narkar da shi ya dunƙule. A sa tabarau na kare ido kafin a fara, a kuma sauke ragowar cajin ta rezisto kafin a ajiye.